Shirun da ke Cikin Waƙar Rakiya

Tun da rumfunan masu kaset suka watse daga bakin kasuwar Maraɗi, na lura mutane sun daina tambayar inda waƙa ta fito. A da in ka sayi kaset, mai rumfa zai gaya maka wanda ya rera da garin da aka ɗauka, har ya ƙara maka da ƙaryarsa kyauta. Yanzu waƙa faɗowa take cikin waya, wannan ya tura wa wancan, babu wanda ya san uwarta balle ubanta. Ni kuwa akwai waƙa ɗaya da na san uwarta, domin uwarmu ɗaya da ita. Ita ce wadda kuke kira waƙar rakiya, wadda ake saka wa amarya in za a fita da ita, ake saka wa maniyyata a tasha. Kun san wurin da mawaƙi ke cewa "rakiya", sai kiɗa ya tsaya cak, a yi shiru kamar na numfashi biyu, sannan a ci gaba. Tun ina amarya har na yi furfura ina bin wannan waƙa daga baki zuwa baki, kuma ba don daɗinta ba. Kalma ɗaya nake bi a cikinta, da shirun da ke bayan kalmar.

A Jiratawa aka haife ni, a gidan masu ginin tukwane. Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ɗauka aikin yumɓu aikin ido ne, alhali rabinsa na kunne ne. Da sassafe ƙarar da ke tashe mu ita ce ta dakan tsingaro, wato fasassun tukwane da ake mayarwa gari a haɗa da sabon yumɓu don ya yi ƙarfi. Bayan ta sai tsotsar ƙafa cikin kwaɓi, mu 'yan mata muna tattakawa har cinyoyinmu su mutu. In rana ta ɗan ɗaga sai bugu ya fara, kowace mace zaune gaban ɗan raminta tana juya tulu da hannu ɗaya tana buga cikinsa da ɗayan. Ko ina bayan gari ina ɗibar kara, ina iya gane bugun Inna daga na Gwaggo, ƙanwar babanmu da ke zaune tare da mu. Na Gwaggo sauri gare shi kamar halinta. Na Inna kuwa biyu ne a jere, ta ɗan dakata, ta ƙara ɗaya. Ranar da aka kwashe gashi, wato tukwanen da aka gasa a wuta, Gwaggo ce ke bin tuluna ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da zobenta, ta ware masu tsaga ba tare da ta dube su ba. Kullum faɗanta gare mu shi ne mu saurara kafin mu ɗauka. Yau ko a gidan da na tashi, jarkar roba ta fi tulu yawa, kuma ita ba ta da wata murya da za a saurara.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, kuma sunana Rakiya. Yaran yanzu sai an yi musu bayanin abin da wannan ke nufi. A zamaninmu uwa ba ta faɗar sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, kuma duk wadda ta karya ta sai ta zama abin dariya a bakin rijiya. Inna kuwa ta riƙe tata da ƙarfi fiye da kowa a unguwarmu. In tana son in zo sai ta ce "ke", ko ta ce wa ƙanena ya kira "waccan". In na yi zazzaɓi Gwaggo ce ke kwana da ni, ko da yake da safe nakan tarar da kunun da aka dama da tsamiya yadda nake so, kuma na san Gwaggo ba ta iya shi haka ba. Akwai wata maƙwabciyarmu mai suna irin nawa, ita ma Inna ba ta taɓa kiran ta da shi ba, sai dai ta ce "mai sunan mutanen gidan nan". Ban ɗauki wannan a matsayin ƙiyayya ba, domin haka na ga ana yi wa kowace 'yar fari. Amma ba zan ɓoye ba, ina jin ƙannena ana kwala musu kira daga wannan kusurwa zuwa waccan, sai in riƙa tunanin yadda nawa sunan zai fito daga wannan bakin.

Inna ba mai surutu ba ce, amma in bugu ya yi nisa takan yi waƙa ƙasa-ƙasa. Ban san ko ita ta ƙaga ta ba ko ta gada. Da yumɓun take magana, kamar mai lallashin yaro:

Yumɓun tafki, zo mu zauna,
in ba ka ciki, in ba ka baki.
Gobe wuta za ta tambaye ka,
jibi kasuwa za ta kira ka.
Wanda ya ɗauke ka shi ne naka,
in ka fita kada ka waiwayo.

Iyakarta ke nan. Takan maimaita ta har tulu ya tashi, kuma bugun hannunta shi ne kiɗanta. Babu kalmar rakiya a cikinta ko ɗaya, wannan zan iya dafa littafi a kansa.

Wata rana da hantsi, bayan an kwashe gashi, wani saurayi daga Maraɗi ya zo sayen randuna wa maigidansa, wani attajiri. Ya zo rataye da rediyo mai kaset, irin mai madannai a sama, ɗaya ja. Mun saba da rediyo mai magana, amma ba mu taɓa ganin mai haɗiye magana ya mayar ba. Ya ɗauki tarin wani tsoho ya sake masa, unguwa ta cika da dariya. Yana jiran a ɗaure masa kaya sai ya ji waƙar Inna, ya roƙi ta bari ya ɗauka. Ta ƙi. Gwaggo ta sa baki, ta ce ai ba fuska yake ɗauka ba, kuma Baba yana gona. A ƙarshe Inna ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba, ta dai sunkuyar da kai ta ci gaba da bugunta, can kuma waƙar ta fito. Ya ajiye akwatin kusa da gwiwarta, ya sa yatsa a baki kowa ya yi tsit.

Ni a lokacin ina ɗauke da randa a ka zan kai bakin hanya. Idona na kan 'yan ƙafafun nan biyu da ke juyawa cikin akwatin, ina son in gane ta ina muryar ke shiga. Don kada in daina kallo, sai na riƙa tafiya da baya, taku ɗaya bayan ɗaya. Inna ta kai "in ka fita kada ka waiwayo", sai na ga ta ɗaga kai, kuma ba da muryar waƙa ba, da wata murya mai kaifi, ta ce:

"Rakiya."

Bugun ya tsaya. Ni ma na tsaya. Bakina ya buɗe amma babu abin da ya fito, domin ban taɓa koyon yadda ake amsa wa wannan muryar wannan sunan ba. Muka dubi juna na ɗan lokaci, sannan ta mayar da kai ƙasa, hannunta ya koma aiki, ta ɗora waƙar daga farko. Sai da na ji zafi a dugadugaina na waiwaya. Taku ɗaya ya rage tsakanina da ramin gashi, tokarsa fara a sama, ƙasanta kuwa garwashi ne. Babu wanda ya lura da wannan, kowa akwati yake kallo.

Saurayin na danna madanni Gwaggo ta fashe da dariya har da tafi. Ta ce, "To, yau dai mun jiya da kunnuwanmu."

Inna ko ɗaga ido ba ta yi ba. Ta ce, "Mi kunka jiya? Cewa na yi a yi ma baƙo rakiya, ga rana ta yi."

Matan suka yi ta gardama cikin raha, wasu na cewa suna ne, wasu na cewa ai gaskiyarta, baƙon ya daɗe a tsaye. Aka ce ya sake mana mu ji, ya ce pil ɗinsa, wato batir, ya yi sanyi, sai ya sayi sabo a birni. Haka ya tafi da muryar Inna a rataye a kafaɗa, kuma ni ɗin ce aka sa na yi masa rakiyar har bakin hanya. Duk Bahaushe ya san sunana da rakiyar baƙo ba a ɗaga musu murya wuri ɗaya. A take na tabbata sunana na ji. Amma da kwana ya yi kwana, sai shakka ta shigo. Inna ba ta ƙarya, kuma ta faɗi maganarta babu ko ƙifta ido. Na ce wa kaina wataƙila kunnena ne ya ji abin da ya daɗe yana so.

Bayan damina biyu aka yi mini aure a Tsibiri. Wata safiya ina surfe a tsakar gida sai na ji gurmi daga gidan maƙwabta, da muryar namiji mai kauri yana cewa yumɓun tafki zo mu zauna. Taɓaryar ta kusa faɗo mini a ƙafa. Na tsaya ina saurare har ya kai ƙarshe, sai na ji ya ja "rakiyaaa", ya ɗauke hannu daga gurmin, ya yi shiru daidai tsawon shirun da muka yi ni da Inna, sannan ya koma farko. Wannan shi ne kaset na farko da ya shiga duniya. A wani zaure aka ɗauke shi, domin ana jin zakara a bayansa da wani mai yawan gyaran murya. Direbobin manyan motoci suka so shi, suka kai shi duk inda hatsi da atamfa ke zuwa. Na aika aka tambayi mai gurmin inda ya samo waƙar, ya ce a mafarki aka ba shi. Allah ya jiƙansa, ya iya gurmi kuma ya iya ƙarya.

Daga nan waƙar ta fi ƙarfin mai ita. Abin da ya riƙa ba ni mamaki shi ne yadda kowa ke cire abin da bai gane ba ya bar abin da ya fi rashin ganewa. Samarin da ke kaɗa jita a birni suka shiga da ita gasar waƙa ta matasa, aka ɗauke su a gidan rediyo da na'urori masu kyau. Su suka fara jefar da yumɓu da wuta, wai ƙauyanci ne, suka mayar da tulun masoyiya, har suka liƙa masa baiti ɗaya da Faransanci. Amma kalmar da shirun suna nan. Mata masu kiɗan ƙwarya suka karɓa, suka mayar da "ka" ya koma "ki", in kin fita kada ki waiwayo, shi ke nan ta zama ta amare, kuma daga bakinsu sunan waƙar rakiya ya bi ta. Na sha zama a gidan biki ina kallon iyaye mata suna share hawaye a daidai wurin, ina cewa a raina da kun san randa ce a kaina da garwashi a bayana. Rukunin mutane ɗaya ne kawai suka ji kalmar a matsayin suna, su ne masu garaya na ƙauyukan bayan Tsibiri, masu kiɗan bori. Wani tsohonsu da ke sayen goro a hannun mijina ya ce mana babu shakka wannan kira ne, wata ake kira a can, kuma shirun jiran saukarta ake. Ya tambaye ni ko na san wace iska ce mai wannan suna, domin su ba su da ita a lissafinsu. Na ce masa ban sani ba, na shige ɗaki na yi ta dariya har na ga ina kuka.

Da muka dawo Maraɗi da zama, abin da na fara nema shi ne saurayin nan mai rediyo. Aka ce ya bar maigidansa ya buɗe rumfar kaset, ya yi 'yan shekaru, sannan ya tafi neman arziki gabas, babu mai labarinsa. Na bi rumfunan kasuwa ɗaya bayan ɗaya ina tambayar waƙar rakiya ta asali, wadda mace ta yi babu kiɗa. Kowa sai ya miƙo mini na mai gurmi ya rantse shi ne na farko. Na tara kaset sun fi cikin ƙwarya, kowanne da irin tasa. Mijina, Allah ya gafarta masa, yakan ce da na ba karatu rabin hankalin da na ba wannan waƙa da tuni ina da almajirai. Ban taɓa gaya masa dalili ba. Duk mawaƙan jan kalmar suke yadda kiɗa ya so, don haka ko sau dubu na saurara ba za su raba mini gardama ba. Muryar Inna ce kaɗai za ta iya.

Za ku ce me ya hana in tambaye ta. Na gwada sau ɗaya, tana tsohuwa, hannuwanta sun daina bugu. Na kai mata ziyara, rediyon ƙanena na rera waƙar a tsakar gida, irin ta masu jita. Na ce, Inna kin ji waƙarki ta zaga duniya. Ta ce sun ɓata ta, babu yumɓu a ciki. Na yi ƙarfin hali na ce, wannan kalma ta ƙarshe fa? Sai ta ce in duba miyar da ke kan wuta kada ta kama. Ban sake ba. Bayan shekara biyu ta rasu, tana ce mini "ke" har ranar ƙarshe, hannunta kuwa riƙe da nawa. Kuma kada in ɗora mata laifi ni kaɗai in wanke kaina, domin ni ma haka na yi wa ɗana na fari. Yau yana da furfura a gemu, kuma bai taɓa jin sunansa a bakina ba. 'Yata ta uku ce ta fasa wannan a gidanmu. Ita tun daga ƙofa take kwala wa 'yar farinta kira, har da ƙarin sunayen shagwaɓa, ta rungume ta gaban surukai. Da farko nakan kawar da kai don kunya. Yanzu kallo nake, ina mamakin yadda abin ba ya da nauyi a bakinta.

Waƙar kuwa ta ƙetara iyaka ta dawo mana da sababbin tufafi. Masu situdiyo na can suka ɗora ta a kan fiyano, suka matse muryar yarinya ta koma siririya kamar ta sauro, aka yi rawa da ita a fim. Jikokina suka zo suna gaya mini wai sabuwar waƙa ce ta fito daga Najeriya. Na ji an ce wani daga cikin masu situdiyon ya ga shirun ɓata lokaci ne, ya cike shi da ganguna, tasa ba ta yi kasuwa ba, kowa ya ce an cire mata rai. Yanzu a waya ma ba a saka ta duka. An yanke ta saura ɗan guntu, daga "kada ki waiwayo" zuwa shirun, yara na ɗaukar hoton kansu suna daskarewa a wurin kamar gumaka. Wato duk abin da Inna ta shirya da hankalinta ya zube a hanya, abin da ya rage shi ne wanda ba ta shirya ba.

Watannin baya ina tsince shinkafa da hantsi, wani gidan rediyo na nan gari ya buɗe layi ana gardamar asalin waƙar. Wannan ya ce ta Kano ce, wancan ya ce ta mai gurmi ce, wata ta ce kakarta ta ce tun zamanin yaƙe-yaƙe ake yin ta. Can sai wani tsoho ya bugo, muryarsa na rawa, ya ce duk ba haka ba ne. Ya ce shi ya ɗauke ta da hannunsa a Jiratawa, a bakin wata mai ginin tukwane, kuma babu kiɗa a ciki sai bugun tulu. Mai shirin ya yi dariya ya gode masa ya wuce ga na gaba. Ni kuwa shinkafar ta zube. Tsohon dai ya faɗi cewa daga Sabon Gari yake kira, kusa da masu gyaran rediyo. Kwana uku na sa ana tambaya kafin aka gano gidan. Ashe ya daɗe da dawowa, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba ce tsakaninmu.

Na hau mashin ɗin haya, kabu-kabu, na tafi da safe. Na tarar da shi a zaure kan tabarma, idanunsa sun yi fari, ga gawar wata tsohuwar rediyo a gefensa da yake shafawa kamar kyanwa. Muka gaisa, na ce masa ni ɗiyar mai tukwanen nan ce ta Jiratawa. Sai ya tambaya ko ni ce mai randa a ka. Na ce ni ce. Ban iya dogon zance ba, na tambaye shi kaset ɗin. Ya girgiza kai. Ya ce ya bar shi cikin akwati a ɗakin uwarsa lokacin da ya yi tafiya, wata damina ɗakin ya zauna, abin da ruwa ya bari gara ta ƙarasa. Ya ce bai taɓa sayar da shi ba, amma yana yawan saka shi a rumfa in kasuwa ta yi sanyi, kuma a nan mai gurmi ya zauna ya haddace, har da abin da ba waƙa ba. Na yi shekaru ina shirya kunnena don wannan rana, ga shi babu abin da zan saurara. Na fara neman takalmina.

Sai ya ce, "Hajiya, dakata. Ba ta hwaɗa maki ta zo wurina ba?"

Na koma na zauna. Ya ce bayan ɗaukar da kamar mako guda, ranar kasuwa, yana tsaye ƙofar shagon maigidansa sai ga Inna. Ta kawo tuluna birni, ta bar su wurin wata, ta yi ta tambaya har ta same shi. Ta ja shi gefe, ta tambaya ko abin da akwatin ya haɗiye ana iya sa shi ya tofar. Ya ce ana iya gogewa, duka ko wani wuri. Ta ce ba duka ba, wuri ɗaya ne.

Na ce, "Wane wuri ta ce, Alhaji? Yadda ta hwaɗa nike so."

Ya ce, "Cewa ta yi, akwai inda sunan ɗiyata ya kuɓuce mini."

Ya ci gaba da magana, amma sai da na roƙe shi ya maimaita, domin kunnena ya toshe. Ya ce ya sa kaset ɗin yana neman wurin, ita tana tsugune ta rufe rabin fuska da mayafi. Da aka zo kan kalmar ya tsayar, ya nuna mata jan madannin, ya ce da ya danna shi ke nan. Ta ce ya mayar baya ta ji ko nan ne. Ya mayar. Ta ce ya ƙara. Sau uku ko huɗu, har ya fara tunanin pil ɗinsa. Na ƙarshen ta bari ya wuce kalmar ya shiga shirun, ta karkata kai tana saurare kamar mai gwada tulu. Sannan ta ce masa, "Ka jiya? Ba ta amsa ba." Ya ce bai gane ko dariya take ko wani abu ba, don bai ga bakinta ba. Ya ɗora yatsa a kan madannin yana jiran ta. Ta miƙe ta gyara mayafinta, ta ce ya bar shi yadda yake, kada dai ya sayar.

Ban san tsawon zaman da na yi a zauren nan ba. Na yi farin ciki irin wanda ban taɓa yi ba, kuma na ji ciwo a wuri guda. Ni ina can ina tuhumar kunnena shekara da shekaru, ashe ita ma tana nan da abin da take jira daga gare ni. Na yi masa godiya, ya ce in yafe masa kaset ɗin, na ce babu abin yafewa, ya ajiye mini abin da ya fi kaset.

Na fito rana ta take, na tsayar da kabu-kabu. Muna cikin cunkoson bakin kasuwa, inda rumfunan kaset suke a da, yanzu duk masu sayar da waya ne da caja. Wani shago ya ƙure lasifika da waƙar, irin ta fiyanon nan mai muryar sauro wadda na fi tsana. Yarinyar ta ce in kin fita kada ki waiwayo, ta ja kalmar yadda suka saba, kiɗan ya tsaya cak. A cikin shirun nan, tsakiyar hayaƙi da ƙarar mashina, na ji bakina ya buɗe.

Na ce, "Na'am, Inna."

Mai kabu-kabun ya waiwayo ya ce, "Hajiya, magana kike?"

Na ce masa ya duba gabansa, ba da shi nake ba.